Ƙaiƙayi a Kan Ruwa

Laraba, bayan Isha'i

Yau na yi magana a aji, karo na farko tun da aka kawo ni makarantar Haɗeja.

Malama Rabi ta rubuta "flowing" a allo, ta tambayi ma'anarsa. Zainab sarkin surutu ta ce gudu ne da sauri. Ni kuwa jiya na duba ƙamus, na san tafiyar ruwa ce. Sai na ɗaga hannu.

Na ce, "Malama, ba sai da sauri ba. A gonarmu ta Auyo, idan Baba yana zargin ciyawar kacalla ta toshe hanyar ruwa, ƙaiƙayin shinkafa yake watsawa a kai. In ya tafi, ko a hankali ne, ruwan yana gudana. In ya tsaya, sai a ɗauko lauje."

Zainab ta ce, "Oho, 'yar fadama ta zo mana da lauje!" Aka kwashe da dariya, na ji kamar in nutse.

Malama ta miƙo mini alli. "Hauwa, zo ki rubuta mana jimla da shi."

Na rubuta, ba ta gyara ko harafi ɗaya ba. Har aka tashi jimlata tana allo. Gobe ni ce mai shara, sai na sake karanta ta kafin in goge.