Sunan da ka ara mini

Zuwa ga Baba,

Assalamu alaikum. Na gaishe ka domin haka aka hore mu. Na san ba za ka karanta wannan takarda ba. Ko kana raye ma miƙa wa wani za ka yi ya karanta maka, in ya zo inda bai yi maka daɗi ba ka ce ya tsallake. Yau babu mai tsallake maka komai.

Inna tana lafiya, sai ciwon gwiwa. Gero ya yi kyau a gonar gabas, ta bayan gari kuwa tsutsa ta gama da ita. Rumbunka na tsakiya ya tsage har ƙasa, na ce a rushe shi. Labarin da ya sa na ɗauki alƙalami kuwa shi ne, makon jiya a Yamai an rubuta ni cikin ƙungiyar arshitek ta ƙasa, wato masu zana gine-gine. Na sami kati, na sami hatimi. Da ba don kai ba, shekara huɗu ke nan da samunsu.

Ka tuna yadda abin ya faro? Ni dai ban manta ba. Malamin lakwal, wato makarantar boko, ya zo daga Falanko neman yara, kai kuwa mai gari ne, dole ka fara ba da naka kafin ka nemi na talakawa. Yayana Lawali kaɗai ke da takardar haihuwa a gidanmu, sunansa aka rubuta. Amma Lawali na hannun damanka ne, shi kake tanadi ya gaje ka, ba za ka ba boko shi ba. Sai ka kama hannuna, ni Haruna, ka miƙa ni da takardarsa, ka ja mini kunne cewa in an kira Lawali in amsa. Shekarata bakwai. Na sha bulala a makon farko domin ana kira ina kallon taga.

Ba kai ka fara wannan dabara a Damargu ba, na sani. Gidaje da yawa sun yi. Ban ma riƙe ka da ita ba, don ni ta yi wa rana. Da sunan Lawali na yi koleji a Tanut, na yi lise, wato babbar sakandare, a Damagaram, na ci jarrabawar bak ta shiga jami'a, na tafi Lome na yi shekarun karatun gini ina cin garin rogo. Duk takardar da na samu da gumina sunansa ke kai, har na saba.

Da na gama sitaj, wato aikin sanin makama, a ofishin wani babban arshitek, na haɗa dosiyen takarduna na kai wa ƙungiya. Cikin abin da suke nema har da kaziye, takardar kotu mai shaida cewa ba a taɓa ɗaure mutum ba. Na je karɓa ina ta raha da magatakarda. Ya duba littafi, ya dube ni, ya ce an rubuta na yi wata shida a gidan kaso saboda karya hannun wani makiyayi a bakin rijiya wajen Tenhiya. Ni da ko akuya ban taɓa duka ba.

A nan na gane. Shekarar da Lawali ya kai tumakinmu arewa bai dawo ba, ka shaida wa gari ya wuce Agadas cin rani. Ashe faɗa ya yi a kan layin jan ruwa, jandarma suka tafi da shi. Kuma katin ɗan ƙasa da ya nuna musu, da wannan takardar haihuwa ɗin ka sa aka yi masa shi. Mutum biyu, takarda ɗaya. Ka san da haka duk lokacin da nake Lome, ba ka taɓa buɗe baki ba.

Ƙungiya ta mayar mini da dosiye, kuma ban ga laifinsu ba. Wa zai ba ɗan kaso hatimin da ake gina asibiti da shi? Alƙalin Tanut ya ce abin mai gyaruwa ne: uban da ya yi musanyar ya zo ya faɗa da bakinsa, a rubuta cewa mai diplom daban, wanda aka ɗaure daban. Tafiyar rabin yini ce kawai, Baba. Na ce zan ɗauko ka da mota in mayar da kai.

Sau uku ina durƙusa maka. Na farko a zaure, ka ce a bari sai an yi girbi. Na biyu ka ce suna ai suna ne, mene ne abin tayar da hankali, tunda ina cin abinci. Na uku kana kwance a asibitin Tanut, tsakaninka da ofishin alƙali bai kai nisan gidanmu da rijiya ba, har an yarda a zo a ɗauki maganarka a kan gado. Ka juya fuska bango ka tambayi ko an ba jakinka ruwa. Ka ɗauka ban san dalili ba? In ka faɗa, gari zai ji Lawali ya yi kaso, rawani ya kuɓuce masa. Ka auna mu biyu, ka ga ni ne mai sauƙin zubarwa.

Ka san yadda arshitek marar hatimi yake rayuwa? Yana zane, wani yana sa hannu. Ɗakin haihuwa da aka gina a kominmu, wato ƙaramar hukumarmu, ni na zana shi, ni na juya tagoginsa don kada rana ta dafa mata da azahar, ni na yi ta faɗa da magina a kan kaurin bango. Ran buɗewa an kira sunan wanda ya buga hatimi, mutumin da sau ɗaya ya taka wurin. Kana zaune a sahun gaba cikin babbar riga kana tafa masa. Ni ina tsaye a baya tare da leburori. Ka gan ni sarai, idonmu ya haɗu.

Ran jana'izarka liman ya ce duk wanda ka ɓata wa ya yafe maka. Na motsa leɓe don kada a kalle ni, amma ban furta komai ba. Gara ka sani.

Yanzu ga abin da ba ka lissafa ba. Bayan sadakar arba'in, ana saura kwanaki masu gida su zaɓi sabon mai gari, Lawali ya hau babur ya tafi Tanut. Ban roƙe shi ba, ban ma san ya tafi ba. Ya tsaya gaban alƙali ya faɗi komai, ya dangwala yatsa. Washegari ya koma da Inna da tsohon malamin lakwal suka ba da shaida, alƙali ya karɓa, ya rubuta cewa mai diplom Haruna ne, wanda aka ɗaure Lawali. Kafin ya iso gida labari ya riga shi. Rawanin da ka yi shekara talatin kana ɓoye ƙarya dominsa, yau yana kan ɗan ƙanenka Sale, wanda ba ka ko amsa gaisuwarsa da kyau. Ba ni na fitar da shi daga gidanka ba. Ɗan lelenka ne ya ajiye shi da hannunsa.

A zauren taro a Yamai, da aka kira Haruna, ban tashi ba. Sai da na kusa da ni ya taɓa ni. Tun ina ɗan shekara bakwai ban taɓa amsa wannan suna a gaban hukuma ba. Sunanka na biye da nawa a kan hatimin. Doka ce ta sa, ba a tambaye ni ba.

Jiya na zo gida na kai wa Lawali katin. Na tambaye shi me ya sa ya yi haka. Ya ce bai taɓa son rawani ba. Lakwal ya so. Ya ce shekarar farko yakan baro tumaki ya laɓe bayan aji, yana jin ana kiran sunansa ina amsawa, har ranar da ka kama shi ka zane shi. Ban taɓa sani ba, Baba. Duk tsawon shekarun nan ina ganin ni kaɗai ka cuta, shi ka so. Ya karɓi katin ya daɗe yana dubawa yana murmushi, ya ce ya yi kyau. A juye ya riƙe shi, kuma na kasa gyara masa.

Nawa haƙƙin, wataƙila wata rana zuciyata ta yi sanyi. Nasa kuwa ya ce ya yafe maka tun tuni, kuma wannan ya fi komai ƙona mini rai. Zan ci gaba da yi maka addu'a bayan kowace salla domin wajibi ce a kaina. Allah ya ji ƙanka. Yafiyata dai ba ka same ta ba tukuna.

Ka huta inda kake.

Ɗanka na biyu,
Haruna