Tsagar da Ke Jikin Zanen Falonmu

Zuwa ga ƙanena Aslak,

Ina gaishe ka da kyau, kai da Maren da yara, tare da fatan wannan takarda za ta same ku cikin ƙoshin lafiya. Allah ya ƙara kiyaye ka a kan ruwan Alaska, ya sa ƙugun nan naka ya daina damunka. Mu nan lafiya ƙalau. Maigidana Oddvar na nan da gardamarsa, tuffa ta yi 'ya'ya sosai bana, jikata Tiril kuma ta yi tsawo har ta kusa kamo uwarta. Baba ma jikinsa garau, yana ci yana sha, sai dai ba ya yi mini magana. Dalilin da ya sa na zauna rubutu ke nan maimakon in buga waya, don a waya ka iya katse mutum.

Ka san zanen nan na falo, wanda baƙon nan na Bergen ya yi a zamanin kakar Baba, ya bar mana da zai tafi. Dutsen Kallen a sama, jan gidanmu a ƙarƙashinsa, ruwan mashigi a gaba, da 'yar tsagar nan kusa da ƙololuwa. Ka tuna yadda Mama, Allah ya ji ƙanta, ke tsayar da kowane baƙo tsakanin zanen da taga, ta ce ya duba nan ya duba can, ya faɗa mata in akwai abin da ya canza. Kowa ya ce babu, sannan ta zuba masa kofi.

To farkon bazara wata yarinya ta sauko daga jirgin fito da jaka a baya, sunanta Sunniva, wai mai zane ce daga Oslo. Aikinta shi ne ta bi tsofaffin zane-zanen duwatsu da mashigai, ta nemo inda mai zanen dā ya zauna, ita ma ta zauna ta zana abin da ke wurin yau, a rataye su gefe da gefe mutane su kalla. Tun daga bakin ƙofa hankalina bai kwanta da ita ba. Ladabinta ya yi yawa, kuma ta san girman zanenmu tun ba ta gan shi ba. Mun sha jin labarin masu aron zane su mayar wa tsofaffi da kwafi. Na ba ta waina da cukun awaki kamar kowane baƙo, amma idona na kan hannuwanta. Abin da ya ba ni mamaki Baba ne. Mutumin da ko mai kawo wasiƙu sai ya ja shi falo ya nuna masa zanen, ranar sai ya ɗaure fuska, ya ce mata ta kalla daga nesa, ba a taɓawa, ba a ɗauka hoto. Na ce a raina, ashe tsoho ma ya gano ta.

Ta yi kwanaki tana zane a kan falalen dutsen da ke bayan ɗakin kwale-kwale. Ranar da za ta tafi na raka ta bakin ruwa, ba don ƙauna ba, don in tabbatar ta shiga jirgi. A nan ta yi ƙasa da murya ta ce mini fentin da ke kan tsagar nan ta zanenmu ba na dā ba ne. Ta ce an yi ta ɗora wani kan wani, na saman ma ko shekara bai yi ba, har ta ji warinsa. Raina ya ɓaci. Na ce mata dabarar ta tsufa, yanzu za ta ce a ba ta shi ta kai Oslo a bincika, ko? Na ce in hancinta ya kai haka kaifi ta je ta nemi aiki a kasuwar kifi. Ba ta rama ba, ta ce ita ba zanen take jin tsoro ba, dutsen take jin tsoro.

Zan faɗa maka gaskiya, Aslak, kai na fara zargi. Shekara nawa kana matsa mini a kai Baba gidan tsofaffi a cikin gari? Na ce wato ka gaji da lallashi, ka turo 'yar birni ta tsorata mu. Na yi mako ina zaginka a zuci ina wanke-wanke.

Amma maganar ta ƙi barina. Sai na fara lura da abubuwan da na daɗe ina gani ban kula ba. Ɗakin kwale-kwale da ba a taɓa kullewa ba tun muna yara, yanzu da kwaɗo, makullin a aljihun Baba. Hannun rigar sanyinsa da ɗigon fenti baƙi-baƙi mai ruwan toka. Na tambaye shi, ya ce kwale-kwale yake gyarawa. Kwale-kwalenmu fari ne da kore, kai ma ka sani. Daga nan na hau sama na zazzage akwatin hotuna, na ciro naka na ranar da aka tabbatar da kai a coci, kana tsaye a falo da kwat ɗin da ta yi maka yawa, zanen a bayanka. A hoton, tsagar kamar zare take. Na sauko na tsaya inda Mama ke tsayar da baƙi. A bango ta kai kaurin ɗan yatsana. Na juya taga, na dubi dutsen, ga ta nan daidai da ta bango, ba ƙari ba ragi. Na ja kujera na zauna.

Washegari da safe na ajiye masa hoton kusa da kofinsa. Ya daɗe yana kallo, ya ce kunnuwanka tun ran nan manya ne. Na ce Baba ba kunnuwa na kawo maka ba. Bai yi musu ba ko kaɗan. Ya ce duk shekara in ƙanƙara ta narke yakan duba dutsen, ya sauke zanen, ya ƙara abin da ya ƙaru, ya mayar. Na ce tun yaushe? Ya ce ai ba shi ya fara ba, uwarku ce, kuma hannunta ya fi nasa kyau, nata ba mai ganewa. Ita ta fara ganin tsagar ta buɗe, ta ce in mutanen hukuma suka ji za su kwashe mu, gara zanen ya riƙa bin dutsen a hankali. Ka ji dalilin wasan nan nata da baƙi. Shaidu take tarawa, mu kuma muna gefe muna dariya muna jiran kofi.

Ya roƙe ni in yi shiru. Ya ce, Torunn, nawa ya rage mini, ki bar ni in mutu a ɗakin da aka haife ni, dutsen nan ya girme mu duka, ba gaggawa yake yi ba. Na tambaye shi sau nawa ya ƙara bana. Ya kau da kai, ya ce sau biyu. Na ce Tiril a ɗakin sama take kwana duk hutu, kuma in dutsen ya faɗo cikin ruwa, igiyar ruwan da zai tayar ba za ta tsaya a gidanmu ba, akwai gidajen tsallake. Ya ɗauki hularsa ya fita.

Na buga wa hukuma waya ran nan. Sun zo da na'urorinsu, sun hau sun sauko, sun ce lallai a tashi kafin ruwan kaka ya kankama, mu da mutanen tsallake. Na san daidai na yi, amma ban taɓa jin baƙin ciki irin wannan ba tun rasuwar Mama. Baba in yana son gishiri sai ya ce wa Oddvar ya gaya wa matarsa.

Yanzu ga tambayata, kuma ina son amsa ba kwana-kwana. Kai ka fi kowa zama da Mama a ɗakin kwale-kwale. Kai ne ka tafi can ƙarshen duniya, ba ka taɓa yarda 'ya'yanka sun kwana a gidan nan ba, kullum otal a gari, wai Maren ba ta son ƙurar tsohon gida. Ka sani? In ka sani ka bar jikata tana kwana a ƙarƙashin dutsen nan, ka faɗa mini da bakinka, in san irin yafewar da zan nema a zuciyata. Ko ka sani ko ba ka sani ba, ka zo. Ba zan ɗauki Baba daga gidan nan ni kaɗai ba.

Sunniva ta dawo shekaranjiya, ni na kira ta na ba ta haƙuri. Baba da kansa ya sauke zanen ya ɗora mata a tebur, ya tambaye ta ko ana iya cire fentin da aka ƙara. Ta ce ana iyawa, ɗaya bayan ɗaya, har a kai ga na asali. Ya sa yatsa ya bi tsagar a hankali, ya tsaya a wani wuri. Ya ce ta cire nasa duka, amma daga nan zuwa ciki kada ta taɓa, na matarsa ne.

Ka gaishe mini da Maren, da Eskil da ƙaramar Liv. Gwaggo Borghild na gaishe ku, Oddvar ma haka. Baba bai ce in gaishe ka ba, amma ya tambayi Oddvar ranar da jirginka zai sauka.

Yayarka,
Torunn