Cokalin Zuma a Kwalbar Sadiƙu

Daren Talata, Durumi.

Barci ya ƙi zuwa. Jikana Sadiƙu ya jera kwalaben madara a kicin, aikin jami'a: wata da sukari, wata da zuma, wata da garin dabino, wai zai ga wanne ya fi ciyar da ƙwayoyin da ke mayar da madara kindirmo. Ɗaya ya bar ta ba komai. Tausayin marainiyar ya kama ni, na zuba mata cokalin zuma.

Ɗazu ya shigo da murna: "Kaka, wadda ba komai ta kamo mai zuma! Gobe zan nuna wa malaminmu."

Na ce, "Angona ya zama farfesa!" Ya yi dariya.

Da asuba zan faɗa masa, kafin ya sa takalmi.