Dutsen Niƙan Inna

Yelwa, Asabar, 14 ga Maris, 1987

Yau na wuni ina kwashe kayan ɗakin Inna. Ciwon ƙafa ya hana ta zama ita kaɗai, jibi za ta dawo wurinmu, kuma ɗakin da na gyara mata ƙarami ne. Tsoffin kwanoni, tabarmi, har komar kamun kifin marigayi Baba da ɓeraye suka cinye, duk na fitar ba ta hana ni ba.

Sai da na mirgino dutsen niƙa. Na ce, "Inna, ga inji a bakin kasuwa, wa zai sake niƙa a kan wannan?"

Ta ce, "Ranar da ruwan madatsar Kainji ya tashe mu, masu mota sun ce ya yi nauyi. A kaina na ɗauko shi. Gidanmu yana ƙarƙashin ruwa, kabarin uwata ma yana can. Sa hannunki a tsakiyar dutsen."

Na sa. Ya yi kwarmi, ya yi sulɓi.

"Hannun uwata ne ya cinye shi haka."

Kunya ta rufe ni. Bayana yana ciwo, amma gobe ni zan ɗauke shi da kaina zuwa gidanmu, ba zan ba ɗan dako ba.