Hancina da Takardar Yamilé

Litinin, 3 ga Fabrairu

Sati uku ke nan da mura ta sake ni, hancina bai dawo ba. Da safe na tusa fuska cikin gwangwanin kofi. Kamar na shinshina yashi. Shekara ashirin da shida ina ɗanɗana taba a masana'antar taba ta garin nan na Pinar, ina koya wa yara, yau ga ni ina zuƙar hayaƙi mai ɗumi ina gyaɗa kai kamar mai jin wani abu. Ban faɗa wa kowa ba. Zai dawo.

Laraba, 5 ga Fabrairu

Ɗalibai shida, kujera biyu kacal a teburin masu ɗanɗano. Ƙa'idar ta girme ni: a ba ka karan taba marar suna, sai lamba, ka kunna, ka kurɓi shayi ba sukari kafin na gaba, ka ba da maki. Wanda makinsa ya yi nisa da na malama sau uku, ya koma ɗakin naɗin taba, kuma ba a sake kiransa. Yadda kara ke cin wuta da launin toka, wannan ido na gani. Ƙamshi da ɗanɗano kuwa daga ka nake rubutawa.

Lamba huɗu na ba shi maki mai yawa. Biyar sun biyo ni. Yamilé kaɗai ta kayar da shi ƙasa. Na ja mata layin kuskure na farko.

Juma'a, 7 ga Fabrairu

Darasin da na fi so, haɗa taba da abin sha. Baƙin kofi, ruwan rake, da giyar rum mai shekara bakwai. Kurɓi kaɗan, bar shi ya kwanta a harshe, sannan hayaƙi. Kada abin sha ya danne ganye, rakiya ya zo yi. Yunior, sarkin surutun ajin, ya ɗaga hannu: "Malama, wallahi na rum ɗin nan ban gane ba, a maimaita." Na ce, "Gane kofi tukuna, makwaɗaici." Aka yi ta dariya. Na yi musu maganar zuma da gasasshiyar gyaɗa da danyar ƙasa bayan ruwa, baki na ta zuba, ni kuwa ruwan zafi kawai nake haɗiya.

Da aka tashi Yamilé ta tsaya tana wanke kofuna. "Malama, lamba huɗun nan, ba ki ji zarni ba? Ganyen bai gama nuna a rumbu ba." Na ce, "'Yata, harshenki ne bai nuna ba." Ta ce, "To, Malama."

Wannan "to" ɗin har yanzu yana kunnena.

Talata, 11 ga Fabrairu

Layi na biyu ga Yamilé. Yau na lura da abin da ya tayar min da hankali: biyar ɗin nan fuskata suke kallo kafin su rubuta. In na ɗaga gira, su ɗaga maki. Ita kaɗai take rufe ido.

Laraba, 12 ga Fabrairu

Na shinshina albasa, kananzir, sabulun wanki. Shiru. Na share tsakar gida sau biyu, na kasa zama.

Alhamis, 13 ga Fabrairu

Baba Evaristo, shugaban tebur, ya tare ni a baranda. Shekara saba'in da huɗu, har yau hancinsa kamar na kare. "Odalys, an ce yarinyar nan layi biyu? Ni na ɗauka ita ce mai hanci a cikinsu." Na ce gobe za a gani. Ya zaro wani kara daga aljihu. "Ji min wannan." Na kunna, na juya hayaƙin a baki, na ce koko irin na cakulan, da ɗan barkono daga baya. Ya daɗe yana kallona. "Haka ne?" Ya wuce.

In na yi magana, kujerata ta tafi. In na yi shiru, gobe Yamilé ta koma naɗi, 'yar shekara ashirin da biyu. Na rubuta wannan don in gan shi a takarda. Bai yi kyan gani ba.

Juma'a, 14 ga Fabrairu

Na kunna, na kurɓi shayi, ban motsa fuska ba, ban rubuta komai ba. Biyar suka yi ta juya fensir. Yamilé tuni ta gama.

Na ɗauki takardarta da tawa na kai wa Baba. "Tawa fara ce, Baba. Tun Janairu ba na jin komai."

"Na sani. Jiya abin da aka zubar na ba ki, wanda ko akuya ba za ta kalla ba, kika ce min koko." Ya kunna karan yau da kansa, ya bi takardarta da yatsa har ƙasa. Sai ya miƙo min magogi. "Layukan nan biyu, ke kika ja su, ke za ki goge."

Na goge. Ban yi kuka a gabansa ba.

Laraba, 26 ga Fabrairu

An bar min ajin, maki kuwa Baba ke bayarwa. Yamilé ta hau tebur tun Litinin. Ban leƙa ba, aiki ya yi min yawa.

Yau da rana ta shigo da kofi biyu da kara ɗaya, ta zauna. Muka kunna, muna karɓa-karɓa. Can na ji bakina ya ce, "Me kika ji?"

Ta yi ta faɗa, ina rubutawa. Shafi biyu. Akwai wuri ɗaya da na ga kamar ta yi kuskure, har na ɗaga fensir. Na bar shi yadda ta faɗa.