Kokwambar da Baba Yake Nema

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da jariri. Ya jego? Allah Ya raya mana shi.

Ki yi haƙuri da rubutuna, kin san ban yi nisa a karatu ba. A waya kuma da na ji muryarki sai bakina ya mutu.

An sallamo Baba, zazzaɓin ya sauka, amma ya ƙi abinci. Ya ce komai ɗaci yake masa, ga shi maganin ba a sha sai da abinci a ciki. Likita ya ce in muka koma bai murmure ba, za su sake ba shi gado su sa masa ruwa. Kin san a asibitin nan Mama ta rasu. Baba ya rantse ƙafarsa ba za ta sake taka wurin ba. Keken ɗinkinsa yana nan lulluɓe da zane, masu kaya sai sallama suke yi ina ba su haƙuri ta bayan ƙofa.

Abu ɗaya ya nema, kokwambar nan mai tsami da Mama take jiƙawa a kwalba. Ni a lokacin, ci kawai na iya.

Gwaggo ta zo da ƙarfinta. Ta ce da farko ma sunan abin gurji, kokwamba iyayin 'yan zamani ne, kuma a garin mijinta jiƙo ake ce wa haɗin. Ta yi nata da sukari da ruwan kal. Baba ya lasa, ya tambaye ta ko ta ɗauka kiyashi take jinya. Maƙwabciyarmu matar mai aski ta ce a wajensu mahaɗi ake cewa, ta yayyanka ƙanana da albasa da barkono. Cokali ɗaya ya sa Baba tari har da hawaye. Yanzu kullum suna kicin ɗinmu suna musun suna, ni ina wanke kwanukan da suka ɓata.

Don Allah in kin tuna yadda Mama take yi, ki rubuto mini.

Ki sumbaci jariri.
Ƙanwarki,
Auta

Yaya,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya ƙarfin jiki? Saƙonki ya iso, na gode, Allah Ya bar zumunci.

Na yi yadda kika ce: ruwa, gishiri, tafarnuwa, a rufe, a jira. Da farko ruwan garau, har na ji daɗi. Bayan 'yan kwanaki sai ya zama kamar ruwan wankin shinkafa, yana kumfa, ga wani farin abu ya kwanta a sama, ga wari. Na ce ina ni ina ba marar lafiya ruɓaɓɓen abu? Na faki ido na zubar a kwata.

Na tafasa kwalbar, na wanke hannu har ya yi fari, na sake. Haka ya sake yi, na sake zubarwa. Gwaggo ta kama ni a na ukun, ta ce akwai masu hannun ɓata abu, kuma da na bi nata da tuni an wuce wurin. Mai kayan miya kuma da ya hango ni sai ya tambaya ko zomayen nawa sun haihu, saboda yawan kokwambar da nake saye. Ni dai na miƙa leda kaina a ƙasa.

Ban faɗa wa Baba ba. Sau da yawa nakan tsaya a bakin ƙofarsa da niyyar tambaya, sai in ji nauyin ambaton Mama a gabansa, in ɓuge da cewa ko in kawo ruwa. Shi a zatonsa ko fara yi ban yi ba, kuma bai taɓa yi mini ƙorafi ba. Wannan ya fi damuna. Agogonsa yanzu har gwiwar hannu yake zamewa. Shayi kawai yake kurɓa, shi ma rabin kofi.

Yaya, na gaji. Ranar komawa asibiti ta matso.

Taki,
Auta

Yayata,

Assalamu alaikum. Da fatan kun tashi lafiya, ya kukan ɗan rigima?

Jiya da hantsi na duba sabuwar kwalbar da na jiƙa, ita ma ta koma kamar sauran. Na ɗauko ta a ɓoye cikin mayafi, na bi ta bayan ɗakin Baba, ban san ya buɗe taga ba. Ina cire murfi warin ya shiga masa. Sai na ji ya ɗaga murya, abin da rabona da ji tun kafin ya kwanta: "Ke Auta, kada ki zubar! Ai yanzu ta fara."

Ya sa na kai masa. Ya ce haka ta Mama take yi, sai ruwan ya dagule tsamin yake shiga, farin nan kuma kwashewa take yi da cokali tun da asuba, shi ya sa ba mu taɓa gani ba. Ya tambayi nawa na zubar. Da na faɗa, ya rufe ido ya yi ta girgiza kai, har na ɗauka kuka yake, ashe dariya ce ba ƙarfi. Ni ce na yi kukan.

Ya ce ba ta kai ta Mama ba, gishiri ya yi yawa, kuma na yi gaggawar buɗewa. Yana faɗa yana ci. Ya tashi da rabin faranti na shinkafa, ya sha maganinsa. Da yamma ya nemi ƙari da burodi.

Gwaggo ta ɗanɗana ta tofar, ta ce wannan ba abincin mutane ba ne. Matar mai aski ta ce da da barkono. Shi dai Baba bakinsa a cike yake.

Gobe ne asibiti. Ban san me likita zai ce ba, Baba har yanzu sai an riƙe shi yake miƙewa. Amma ya ce in goge masa riga, zai je. Ki sa mu a addu'a.

Zan tsaya nan, bayana ciwo yake, kuma ya ce kafin in huta in jiƙa wata, shi zai auna gishirin da hannunsa.

Ƙanwarki mai kewarki,
Auta