Babana Mashayi Ya Roƙe Ni In Ba Shi Wurin Kwana

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Na roƙi Malam ya rubuta mini wannan ya karanta muku, ya kuma sakaya sunana. Don Allah ku ba ni shawara, abin ya fi ƙarfina.

Ni mace ce, a nan Matameye aka haife ni, ina da aure da ƴaƴa biyu. Babana marini ne, a da har daga Dawce ake kawo masa zane, fatake masu zuwa Kano ma sun san karofinsa. Ina ƴar shekara bakwai ya fara biyawa wani ƙauye a hanyar Tsauni inda ake dafa giya, tun yana ɓoyewa har ya daina ɓoyewa. Innarmu ta yi haƙuri ta gaji ta koma gidansu, aka hana ta tafiya da mu, ni da yayana. Ni na tashi ina wanke masa amai, ina janye shi daga bakin ramin shuni kada ya faɗa. Daga takunsa a ƙofa nake gane irin yinin da za mu yi. In ya sha ya zage ni ko ya jefe ni da akushi, in ta sake shi ya zauna yana kuka wai ni kaɗai gare shi.

Da na yi aure na ɗauka na huta. Ranar sunan ɗana na biyu ya shigo da hantsi a buge, ya fizge jaririn daga hannun ungozoma, ya yi tangaɗi zai faɗi da shi, Allah ya sa ƙanwar mijina ta tare. A ranar, da bakina na ce kada ya sake taka gidan nan. Gwaggona ta zo ta yi mini tatas, wai na tozarta ubana a gaban surukai.

Shekara guda ke nan. Yanzu ciwo ya kama shi, ciki ya kumbura, idanu sun yi rawaya, yayana kuma ya bi ayari tun bara babu labarinsa. Shekaranjiya Baba ya zo ya tsaya a zaure, bai shigo ba. Ya ce, "Uwata, ba ni ko rumfar awaki ce, kada in mutu ni kaɗai." Na durƙusa in gaishe shi sai na ji warin giya a bakinsa. Na ce masa ya dawo ran Juma'a, na koma ɗaki.

Maigidana ya ce shi ba zai hana ni ba, ba zai kuma sa ni ba. Tuwo da fura ina aika masa kullum, amma in na tuna zai zauna gida ɗaya da ƴaƴana sai tsoro ya kama ni. In kuma ya cika shi kaɗai, ban san abin da zan faɗa wa Allah ba.

Ran Juma'a zai dawo jin amsa. Jama'a, in na ciyar da shi daga nesa na sauke haƙƙinsa, ko dole sai na shigo da shi? Me zan ce masa?